Mun Tsine wa Majalisa ta Takwas, Amma Ba a Kan Ainihin Laifinta Ba

Ranar Talata, 9 ga Yunin 2015, da hantsi, ina zaune a shagon wani tela abokina a bakin kasuwar unguwarmu, rediyonsa na rataye a jikin ƙusa kamar kullum, sai labari ya shigo cewa Bukola Saraki ya zama Shugaban Majalisar Dattawa ba tare da hamayya ba. Sanatoci 57 ne a zauren lokacin da aka yi abin, yawancinsu 'yan PDP. Sauran 'yan APC kusan 51 suna can Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa a Abuja, suna jiran ganawa da Shugaba Buhari, ganawar da ba a yi ba. Abokina ya ɗauke ƙafa daga kan keke, ya dube ni ya ce, "Malam, shi ke nan, sun yi wa Baba ƙafar ungulu tun bai gama zama ba." Kafin a jima aka ce Ike Ekweremadu na PDP ne mataimaki. Da yamma kuma Yakubu Dogara ya kayar da Femi Gbajabiamila, ɗan takarar da jam'iyya ta tsayar, da ƙuri'a 182 da 174, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai.

Daga wannan rana har zuwa watan Yunin 2019, mudu ɗaya muka riƙa auna majalisar nan, wato majalisar tarayya ta takwas, da shi a Arewa: wa ke tare da Baba, wa ke yi masa zagon ƙasa. Ba zan cire kaina ba, ina cikin masu wannan awo. Duk abin da ya lalace, majalisa ce. Shinkafa ta yi tsada, su Saraki ne. Ba a kama ɓarayi ba, su Dogara ne. Yanzu da ƙura ta lafa, na sake bin abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani ya dame ni. Majalisar tana da laifi, babba ma kuwa. Amma wanda muka tsine mata a kansa daban, wanda ta aikata muka kau da kai daban.

Mu fara da mutanen da muka tura. Kujera 109 ce a Majalisar Dattawa, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai tana da 360. Mutum 469 ke nan. A jihohinmu na Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, mafi yawansu guguwar Buhari ce ta kwaso su. Mun ce "sak", muka dangwala daga sama har ƙasa, kuma na san mutane da yawa da ba su san sunan wanda suka zaɓa ɗan majalisar tarayya ba sai bayan an rantsar da shi. Tsintsiya suka gani suka dangwala. To in ka ɗebo hatsi da dare ba fitila, kada ka yi mamakin tsakuwa da safe.

A Majalisar Dattawa kaɗai akwai tsofaffin gwamnoni fiye da goma sha biyar. Daga wajenmu akwai Rabi'u Musa Kwankwaso da Kabiru Gaya daga Kano, Aliyu Wamakko daga Sakkwato, Ahmad Sani Yarima daga Zamfara, Adamu Aliero daga Kebbi, Bukar Abba Ibrahim daga Yobe, Danjuma Goje daga Gombe, Abdullahi Adamu daga Nasarawa. Shi kansa Saraki ya yi shekara takwas yana mulkin Kwara. Mutumin da ya saba shi ne wuƙa shi ne nama a jiharsa, wanda majalisar dokokin jiharsa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, shi aka ce ya zo ya koyi zama ɗaya daga cikin 109, ya karanta ƙudiri sashe-sashe, ya zauna a kwamiti yana bin lissafin ma'aikatu. Wasu sun yi ƙoƙari. Wasu kuwa zauren wurin hutawa ne gare su, da mafaka, da wurin jiran zaɓe na gaba. Ɗaya daga cikinsu, Joshua Dariye na Filato, kotu ta ɗaure shi a watan Yunin 2018 kan kuɗin jiharsa, kuma yana gidan yari yana amsa sunan sanata har wa'adi ya ƙare.

Mata kuwa ba su kai goma ba a cikin 109. Daga duk jihohin Arewa 19, mace ɗaya tilo aka zaɓa sanata a 2015, Binta Masi Garba daga Adamawa ta Arewa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da mace da shugabanci, ya kamata ya tambayi kansa wa zai tashi ya yi maganar matar da ta mutu a bayan a-kori-kura kan hanyar zuwa asibitin haihuwa, da zafin wanda ya san abin a jikinsa.

Duk da haka, wannan majalisa ta yi abubuwan da ya kamata mu tuna, kuma ba mu ba ta ladansu ba.

A ƙarshen 2016, kwamitin wucin gadi na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ya binciki yadda ake kashe kuɗin tallafa wa 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas. A lokacin yara suna mutuwa da yunwa a sansanoni a Borno. Kwamitin ya fito da batun kwangilar cire ciyawa a Yobe, ta sama da naira miliyan 200, wadda ya danganta da wani kamfani mai alaƙa da Sakataren Gwamnatin Tarayya, Babachir Lawal. Da farko fadar shugaban ƙasa ta aiko da wasiƙa tana kare shi. A nan ne Shehu Sani ya yi maganar nan da ta zagaya ƙasa, cewa in rashawa a majalisa ko kotu take, maganin ƙwari ake fesa mata, in kuwa a cikin fadar take, turare ake fesawa. Majalisa ta ƙi janyewa. A watan Afrilun 2017 aka dakatar da Babachir, a watan Oktoba aka sallame shi. Adalci ne in faɗi cewa daga baya, a 2022, kotu ta sallame shi daga tuhumar da EFCC ta yi masa. Amma abin da nake nufi yana nan: akwai lokacin da majalisa ta tambayi ina kuɗin marayun Borno da Yobe suka shiga, ta tambayi na kusa da shugaban ƙasa, kuma sai da aka amsa. Mu kuma a lokacin zagin Shehu Sani muke yi a Facebook, wai yana yaƙar Baba.

Haka batun Ibrahim Magu. Sau biyu majalisa ta ƙi tabbatar da shi shugaban EFCC, a Disambar 2016 da Maris na 2017. Muka ce ɓarayi ne ke tsoron mai kama su, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, domin da yawansu suna da fayil a hukumar. Sai dai mun manta cewa rahoton da suka dogara da shi daga hukumar DSS ya fito, hukumar da ke ƙarƙashin shugaban ƙasar da ya aiko da sunan Magu. Gida ɗaya ne ya aiko da mutum, ya kuma aiko da takardar da ta ce kada a karɓe shi. Wannan ɓaraka ta cikin gida ce, ba majalisa ta haifar da ita ba. A 2020 kuma gwamnatin Buhari da kanta ta dakatar da shi.

Dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas daga wannan majalisa ta fito, aka sa mata hannu a Oktoban 2017. Majalisar ce ta saka kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko cikin kasafin 2018, kimanin naira biliyan 55, abin da dokar lafiya ta 2014 ta tanada amma aka yi ta tsallake shi. Ita ta rage shekarun tsayawa takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Ita ta zartar da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, da mafi ƙarancin albashi na naira 30,000. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Wannan ta taɓa ni, domin shekaru kafin ta, na taɓa tsayawa a ƙofar wani asibiti da tsakar dare da ɗan maƙwabcina da 'yan fashi suka harba a cinya, rigata jiƙe da jininsa, ana ce mana sai mun kawo rahoto. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Har gobe akwai asibitocin da ba su bin dokar, amma yanzu aƙalla mai gaskiya yana da abin da zai kafa hujja da shi.

To ina laifin yake?

Laifin shi ne majalisar tana da haƙora, amma ba ta cizo da ƙarfi sai an taɓa ta. Duba inda ta fi nuna zafi. Da aka gurfanar da Saraki a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kan bayyana kadara, sanatoci da dama suka riƙa barin aiki suna yi masa rakiya zuwa kotu, kamar ba su da mazaɓu. Kotun Ƙoli ta wanke shi a Yulin 2018, amma kusan shekara uku wannan shari'a ta ci daga hankalin majalisa. A Maris na 2017 an ɓata makonni ana ja-in-ja kan ko shugaban Kwastam, Hameed Ali, zai sa kaki kafin ya shiga zaure ko ba zai sa ba. A wannan lokacin ana sace shanu ana kashe mutane a ƙauyukan Zamfara da Birnin Gwari. Ban ce ba su yi maganar tsaro ba. Kabiru Marafa ya sha tashi yana kukan Zamfara, an yi tarukan tsaro, an kira Sufeto Janar Ibrahim Idris har sau uku ya ƙi zuwa. Amma duk wanda ya bi zaman majalisar ya san bambancin muryarsu ranar da ake maganar gawarwakin talakawa da ranar da aka taɓa ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suka yi da nasu da suka buɗe baki. A 2016 Abdulmumin Jibrin, mai wakiltar Kiru da Bebeji, bayan an cire shi daga shugabancin kwamitin kasafin kuɗi, ya fito ya zargi Dogara da wasu shugabannin majalisa uku da yin cushe a kasafin. Sun musanta. Mutum na iya cewa Jibrin bai yi magana ba sai da aka taɓa kujerarsa, kuma haka ne. Amma zargi irin wannan bincike yake buƙata a bainar jama'a, a baje takardu kowa ya gani. Maimakon haka sai aka dakatar da shi kwanakin zama 180 a Satumban 2016, bai koma ba sai Maris na 2018. Shekara ɗaya da rabi mutanen Kiru da Bebeji ba su da murya a Abuja. Wane laifi suka yi? Haka aka yi wa Ali Ndume. An cire shi daga shugabancin masu rinjaye a Janairun 2017, a Maris aka dakatar da shi wata shida saboda ya nemi a binciki zarge-zargen da jaridu suka buga kan Saraki da Dino Melaye. Ndume Kudancin Borno yake wakilta, ƙasar Gwoza da Chibok da Damboa, a lokacin da suka fi kowa buƙatar mai yi musu magana. Majalisar da take koyar da ɓangaren zartarwa haƙuri da suka, ita ba ta iya jure tambaya ɗaya daga cikin gidanta ba.

Sai maganar kuɗi. A Maris na 2018 Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi da alawus na kusan 750,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, kuma jihohi da yawa ba su ma iya biya. Ka raba miliyan 13.5 da 18,000, za ka samu albashin ma'aikaci 750. Kasafin majalisar kanta ya tashi daga biliyan 115 a 2016 zuwa biliyan 139.5 a 2018, cikin shekarun da ake ce wa talaka ya ƙara ɗaure ciki saboda tattalin arziki ya karye. A kan wannan batu babu APC babu PDP, babu na Saraki babu na Buhari. Bakinsu ɗaya.

Kasafin ƙasa kuwa kullum a makare. Na 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 sai a Yuni, na 2019 a ƙarshen Mayu. Ɓangarorin biyu duk suna da hannu: gwamnati na kawo shi a makare, ministoci na jan ƙafa wajen zuwa kare shi, majalisa kuma na riƙe shi tana cusa nata. Da Buhari zai sa hannu a na 2018, ya yi ƙorafin cewa an rage biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da gwamnati ta tsara, an shigo da sababbi 6,403 na biliyan 578. Wanda ya san Arewa ya san ma'anar kasafin da aka sa wa hannu a watan Yuni: damina ta riga ta sauka, ɗan kwangila ba zai taɓa hanya ba sai kaka, taki kuma ya iso bayan an gama noman farko.

Akwai wata hujja da ta fi duk waɗannan nuna inda zuciyar majalisar take. Tsarin mulki ya ba ta iko, in shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a ƙudiri, ta sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku ya zama doka ko yana so ko ba ya so. An taɓa yi a 2000, lokacin da majalisa ta tsallake Obasanjo kan dokar Hukumar Raya Neja Dalta. Buhari ya mayar wa majalisa ta takwas ƙudirori masu yawa. Gyaran dokar zaɓe, wanda zai ba na'urar tantance masu zaɓe gindin zama a doka, sau huɗu ya ƙi sa masa hannu a 2018. Ƙudirin gyara tafiyar da harkar man fetur ma ya mayar. Ko sau ɗaya majalisar nan da ake ce wa mai taurin kai ba ta tara kashi biyu cikin uku ta tsallake shi ba. An yi ta barazana a jaridu, aka watse. Har a gyaran dokar zaɓen, abin da suka fi ɗaga jijiyar wuya a kansa da farko shi ne sauya jerin zaɓe don a yi nasu kafin na shugaban ƙasa. Lissafin kujera ne.

Amma duk wannan bai halatta abin da aka yi wa majalisar ba, kuma a nan namu laifin ya fito fili. Ranar 18 ga Afrilun 2018 wasu 'yan daba suka kutsa zauren Majalisar Dattawa ana tsaka da zama, suka ɗauke sandar majalisa, suka fice ta gaban jami'an tsaron da ke cike da harabar. Washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta a ƙarƙashin wata gada a hanyar shiga Abuja. Ranar 7 ga Agusta, mako guda bayan Saraki ya sauya sheƙa zuwa PDP, jami'an DSS da fuskoki a rufe suka tare ƙofar majalisa suka hana zaɓaɓɓun wakilai shiga. Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kori shugaban DSS, Lawal Daura, a ranar. Na tuna a shagon telan nan mutane suna murna da safe, suna cewa "Allah Ya ƙara, a rufe ta ma gaba ɗaya." Mu da muka san cewa duk lokacin da soja ya karɓi mulki a ƙasar nan, majalisa ce farkon abin da yake rushewa, fadar gwamnati da kotu kuwa su ci gaba da aiki. Ginin da muke wa fatan rufewa shi ne kaɗai wurin da ɗan Gumel da ɗan Argungu ke da kujera da sunan garinsu.

Kuma mu tambayi kanmu abin da muke nema a wurin ɗan majalisa. Na taɓa raka wani ɗan'uwana gidan wakilinmu a wancan zamani, ana gobe Sallah. Tun da asuba layi ya kai bakin titi. Wannan da takardar asibiti, wancan da katin ɗaurin aure, wata tsohuwa da jikanta da aka koro daga makaranta. Na zauna a kan benci kusan awa huɗu ina sauraro. Ban ji mutum ɗaya ya tambayi me Honorabul ya ce a kan kasafin ilimi, ko wane kwamiti yake ciki, ko ya taɓa zuwa duba aikin da aka ce an yi mana ba. Ban ga laifin tsohuwar nan ba, yunwa ba ta san tsarin mulki ba. Amma haka aka gina kasuwar: shi ya kawo shinkafa da babur da keken ɗinki, mu mu rufe ido a kan miliyan 13.5 da biliyan 100 da ake warewa ayyukan mazaɓu duk shekara. A ƙofar makarantar firamaren unguwarmu akwai rijiyar burtsatse daga wannan kuɗi, da allo mai ɗauke da hotonsa. Wata uku ta yi tana ba da ruwa. Allon yana nan har yanzu, yara kuma suna tsallaka titi da jarka.

A zaɓen 2019 muka huce haushinmu. Saraki ya rasa kujerarsa a Kwara, Shehu Sani ya rasa tasa a Kaduna, aka samu majalisar da muke ta roƙo, mai tafiya da Baba, ƙarƙashin Ahmad Lawan da Gbajabiamila. Ban hana ta nata ba: ta dawo da kasafi daga Janairu zuwa Disamba, dokar man fetur ta fito a 2021, dokar zaɓe a 2022. Amma ita ce jama'a suka laƙaba wa 'yan amshin shata, ita ta riƙa amincewa da buƙatun ciyo bashi ɗaya bayan ɗaya, kuma a watan Mayun 2023, ana saura makonni ta tashi, ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ranta daga Babban Banki zuwa bashin shekara 40, kuɗin da aka riga aka kashe nesa da iyakar da doka ta gindaya. Babu wanda ya tare ƙofa, babu wanda ya sace sanda, babu hayaniya a rediyo.

Kwanan baya na koma shagon abokina tela. Rediyon yana nan a jikin ƙusarsa. Na karanta masa adadin bashin nan da shekarun da za a yi ana biya. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya nuna ɗansa na fari da ke ɗora maɓalli a gefe, yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya ce, "Wato wannan sai ya yi furfura bai gama biya ba." Ya mayar da ƙafa kan keke ya ci gaba da ɗinki.